Suna karanta shafin tiryan-tiryan, amma da an rufe littafi sai a yi tsit

Malama Rabi:
Assalamu alaikum malamai. Ina da wata damuwa da nake so mu sa baki a kai. Bayoloji nake koyarwa a babbar sakandare. Idan na ce yara su karanta shafi biyu kafin darasi, da yawansu suna karantawa, ba ƙarya suke yi ba, domin in na tsayar da ɗaya ya karanta da ƙarfi zai kawo shi tiryan-tiryan babu gargada. Amma da na ce a rufe littafi, wani ya gaya mini abin da marubucin yake nufi, sai a yi tsit. Mai ƙoƙarin cikinsu zai maimaita mini jimlar farko yadda take, ko wasali bai canza ba. Tambayata biyu ce: koya musu karatun littafin kimiyya aikin wa ne, kuma wace dabara ce ta taɓa yi muku aiki a aji?

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam. Malama, abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Karatu aikin malamin harshe ne. Ni minti arba'in gare ni, manhaja kuma ba ta jiran kowa. Kimiyya da hannu ake koyonta, gani ya kori ji. Ki ba yaro batir da waya da ƙwan fitila ya haɗa ya ga ta kama, ya fi masa shafi goma a kan lantarki.

Malam Bashir:
Malam Tukur, ka jefo mana ƙwallon, to bari in mayar maka. Ni harshe nake koyarwa. Abin da nake sa su karanta galibi labari ne da wasiƙa da muƙala. Labari ana fara shi daga farko a bi shi har ƙarshe, in kalma ɗaya ta kuɓuce wa yaro zai cimma ma'anar a gaba. Littafinku ba haka yake ba. Jimla ɗaya tana iya ɗauke da sababbin kalmomi uku, kowacce kuma an gina ta a kan babin da ya wuce. Ga zane a gefe, ga jadawali a ƙasa, ga wasu haruffa da lambobi da ni kaina ban san ta ina ake fara karanta su ba. In aka ba ni sakin layi a kan yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta, ba zan iya gaya wa yaro wace jimla ce uwa wace ce ƙari ba. Wanda ya san fannin shi ne zai iya.

Malama Zainab:
Na goyi bayan Malam Bashir. Kuma Malam Tukur, misalin da ka kawo ma yana kanka. Yara nawa ne suka haɗa fitilar ta kama, amma in ka tambaye su za su ce maka lantarkin ya fito daga batir ya ƙare a cikin ƙwan? Idonsu ya ga haske, bai ga cewa abin da ya shiga ƙwan ta waya ɗaya shi ne ya fita ta ɗayar ba tare da ya ragu ba. Wannan sai an auna, sai an yi bayani, sai kuma yaro ya koma gida ya karanta ya gane. A ranar jarrabawa ba batir za a ajiye masa ba, tambaya ce a rubuce.

Malam Tukur:
Bayanin ai ni zan yi musu da bakina.

Malama Zainab:
Za ka bi su jami'a ka ci gaba da yi musu?

Nura:
Salamu alaikum iyayena malamai. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin malanta, ku yi mini afuwa in na yi katsalandan. An koya mana wasu dabaru masu suna. Akwai SQ3R ta Francis Robinson, wadda ya fitar a 1946: a fara leƙa babin gaba ɗaya, a mai da kanun magana tambayoyi, a karanta, a faɗi amsar da ka, sannan a yi bita. Akwai KWL ta Donna Ogle, 1986, inda yaro zai raba takarda gida uku: abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya. Akwai kuma taswirar ma'anoni ta Joseph Novak, wadda ake haɗa kalmomi da kibiyoyi. Ko Malama Rabi za ta gwada ɗaya daga ciki?

Malam Tukur:
Nura, Allah ya yi maka albarka, amma waɗannan na gan su tun kafin ka shiga firamare. Ka raba wa yara takarda mai gida uku, a gidan "abin da nake son sani" kowa zai rubuta "ina son in san komai game da wannan darasi". An cika takarda, an sa hannu, mai duba makarantu ya ji daɗi, kan yaro kuma yana nan yadda yake.

Hajiya Asabe:
Malam Tukur yana da gaskiya a nan, ko da yake ban bi shi a maganarsa ta farko ba. Na daɗe ina shiga azuzuwa ina kallon yadda dabara mai kyau take komawa cike gurbi. Nura ɗana, ba laifin dabarun ba ne. Laifin shi ne a ɗauka takardar ce take koyarwa.

Bari in kawo wani bincike da ya kamata kowane malami ya sani. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Recht da Leslie, sun ba yaran ƙaramar sakandare wani rubutu a kan wasan besbol, wato wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda, suka ce su karanta su nuna abin da ya faru a wasan. Yaran da ake ce wa raunana a karatu amma sun san wasan, sun fi yaran da suka iya karatu amma ba su san wasan ba. Ma'ana, abin da yaro ya riga ya sani game da maganar yana da nauyi ƙwarai a kan abin da zai fahimta.

To Malama Rabi, ki duba yadda kika tsara abin. Kin tura su su karanta kafin darasi, wato lokacin da ba su san komai ba a kan maganar. A nan ne karatu ya fi wuya. Ki juya shi. Ki fara da minti biyar na nuni ko hira ko zane a allo, ki ba su kalmomi biyu ko uku da ba makawa sai da su, sannan a buɗe littafi. Kuma kada ki ce "ku karanta shafi na kaza". Ki ce "amsar wannan tambaya tana cikin shafin nan, ku nemo ta".

Malama Rabi:
Hajiya, na gode. Wace irin tambaya? Domin in na ce "mene ne fotosintesis", wato yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, za su nemo inda aka rubuta kalmar da baƙin rubutu su kwafo mini abin da ke gabanta.

Hajiya Asabe:
To kin ga irin tambayar da ba za ki yi ba ke nan. Duk tambayar da za a iya amsawa da ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ba ta sa karatu. Ki tambaye su: ƙaton itacen da ya fito daga ɗan ƙaramin iri, ina ya samo nauyinsa? Ki sa kowa ya rubuta amsarsa kafin a buɗe littafi. Kusan duka za su ce daga ƙasa.

Sai ki ba su labarin van Helmont a taƙaice, sakin layi ɗaya ya isa. Likita ne ɗan Burussel, babban birnin Beljiyam na yau, an buga aikinsa a 1648 bayan rasuwarsa. Ya busar da ƙasa ya auna kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗoriya, ya yi shekara 5 ruwa kawai yake ba shi. Da ya cire itacen ya auna sai ya samu ya kai kusan kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna, abin da ta ragu bai kai giram 60 ba. Shi sai ya yanke cewa nauyin duk daga ruwa ya fito.

Yanzu ki ce musu: ƙasa dai ta fita daga zargi. Van Helmont ya ce ruwa ne. Ku karanta shafin nan ku gaya mini abin da ya manta bai auna ba. Za ki ga yadda za su bi shafin suna farauta. Wanda ya fara cin karo da iskar kabon dayokzaid, wadda itace ke ɗauka daga iska ya gina jikinsa da ita, zai ɗago kai da kansa, ba sai kin kira sunansa ba.

Malam Tukur:
Wannan kam darasi ne, ban musa ba. Amma Hajiya, labarin ne ya yi aikin, ba karatun ba.

Hajiya Asabe:
Labarin ya buɗe ƙofa ne kawai, Malam. Amsar ba ta cikin labarin, tana cikin littafin, kuma yaron ne ya ciro ta da kansa.

Malama Zainab:
Ni abin da ya fi yi mini aiki a kemistiri shi ne in karanta a gabansu ina faɗin abin da ke zuwa mini a kai. Ba karatun sauri ba, karatun mai tsayawa. Yara suna zaton malami yana kallon shafi sau ɗaya ya gane. Ba su san muna komawa baya ba.

Misali zanen giraf na dumama ƙanƙara har ta zama tururi. Nakan zana shi a allo in ce: kafin in kalli layin, bari in ga me aka rubuta a ƙasa. Lokaci, da minti. A gefe fa? Zafi, da digiri. To. Layin ya hau, ya hau, ya zo kan sifili ya kwanta. Sai in tsaya in ce, ikon Allah, wuta tana ci, lokaci yana tafiya, amma zafin bai ƙaru ba? Ko an kashe wutar ne? Bari in koma rubutun in gani. Sai in koma in karanta jimlar da ta ce zafin da ke shiga a wannan lokacin yana tafiya ne wajen narkar da ƙanƙarar. In dawo kan zanen in ɗora yatsa a wurin da ya kwanta in ce, ashe nan ƙanƙara da ruwa suna tare. Daga nan sai in yi shiru, in ce musu ga wani wurin da layin ya sake kwanciya a digiri 100, wa zai karanta mana shi yadda na yi?

Abin da na lura, yawancin yara tsallake zane suke yi, suna ɗaukarsa ado ne da aka sa don shafin ya yi kyau. Alhali a littafin kimiyya sau da yawa rabin bayanin yana cikin zanen. Ido sai ya yi ta kai da komo tsakanin rubutu da zane, kuma wannan sai an nuna wa yaro.

Malam Bashir:
Malama Zainab, wannan da kika kwatanta ba zan taɓa iya yi musu ba, shi nake faɗa wa Malam Tukur. Abin da zan iya taimakawa da shi, ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimloli: saboda, don haka, amma, sai dai, idan. Yaro yakan kashe ƙarfinsa a kan manyan kalmomin kimiyya ya tsallake waɗannan, alhali su ne suke nuna me ya jawo me. Ku gwada ku kwafi sakin layi ku goge su, ku ce yara su mayar. Wanda ya sa "saboda" a gurbin "don haka" ya juya sanadi da sakamako, kun ga inda ya ɓata.

Abban Fati:
Ni ba malami ba ne, uba ne, an sa ni a zauren nan ne saboda kwamitin iyaye. 'Yata tana zama da littafin bayoloji da alƙalami mai launi, ta shafa wa kusan kowane layi. Tana maimaita babi sau da yawa har dare ya raba. Amma sakamakon bai kai wahalar ba. Me zan ce mata?

Hajiya Asabe:
Abban Fati, ka ce mata ta ajiye alƙalamin, ta rufe littafin. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu 10 da ɗalibai ke amfani da su. Shafa launi da maimaita karatu suna cikin waɗanda suka samu ƙaramin matsayi. Biyun da suka fito a sama su ne gwada kai da tambayoyi, da kuma rarraba karatu a ranaku daban-daban maimakon tara shi dare ɗaya.

Kafin nan, a 2006, Roediger da Karpicke sun ba ɗaliban jami'a gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka yi zaman karatu ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako ɗaya sai abin ya juye: masu rubutawa da ka sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Abin da ke yaudarar yaro shi ne, in ya sake kallon shafin sai ya ji ai na san wannan. Ya saba da ganinsa ne kawai.

Don haka ta karanta sashe ɗaya, ta rufe, ta ɗauki farar takarda ta rubuta ko ta zana duk abin da ta tuna, sannan ta buɗe ta ga abin da ya zube. Zai yi mata ɗaci da farko domin takardar za ta fito kusan fara. Ta daure. Bayan kwana biyu ta sake yi ba tare da ta buɗe littafin ba tukuna.

Nura:
Hajiya, ashe wannan shi ne matakin "faɗa da ka" na SQ3R.

Hajiya Asabe:
Shi ne, ɗana. Kuma shi ne matakin da kowa ke tsallakewa.

Abban Fati:
Allah ya saka da alheri. Zan riƙe mata littafin ma in ta yarda, ta faɗa ina dubawa.

Malam Tukur:
Tunda an taso ni, bari in faɗi inda nake ganin littattafan kansu suke da laifi. Littafi zai rubuta maka gaskiya tsantsa, ya ƙi taɓa kuskuren da ke kan yaro. Ɗauki sauyin yanayi na shekara. Littafi zai ce karkatar duniya da digiri 23.5 ne ke kawo shi. Yaro ya karanta, ya haddace, ya ci jarrabawa, amma can cikin ransa yana nan a kan cewa zafi yana zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana. Maganganun biyu suna zaune a kansa ba su taɓa haɗuwa ba balle su yi faɗa.

Ni abin da nake yi, nakan rubuta musu layi huɗu da kaina. In fara da cewa mutane da yawa suna zaton kusanci da rana ne ke kawo lokacin zafi, amma ba haka ba ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. A Janairun nan Turai tana cikin tsananin sanyi, Ostareliya tana cikin zafi, alhali duniya ɗaya suke kai. Daga nan sai in kawo karkatar. Sai an ambaci kuskuren da sunansa an rushe shi, sannan gaskiyar take samun wurin zama.

Malama Zainab:
Malam Tukur! Kai da ka ce karatu ba aikinka ba ne, ashe har rubuta musu abin karantawa kake yi?

Malam Tukur:
Layi huɗu na ce, Malama, ba shafi goma ba. Kuma sai bayan na haska tocila a kan ƙwallo sun gani da idonsu. Ina nan a kan bakana.

Malama Rabi:
Na ƙaru sosai. Saura matsala ɗaya: ajina cike yake maƙil. In na yi irin na Malama Zainab, na gaba ne za su amsa, na baya su yi ta kallo. Yaya zan sa kowa ya taɓa rubutun?

Malam Bashir:
Akwai tsarin da Palincsar da Brown suka fitar a 1984. Yadda ake yawan yinsa a aji, yara huɗu a rukuni, sakin layi ɗaya, kowa da aikinsa: ɗaya ya yi hasashen abin da zai zo, ɗaya ya fitar da tambaya, ɗaya ya warware wurin da ya shige duhu, ɗaya ya taƙaita. A sakin layi na gaba a yi musayar aiki. Asalinsa malami ne ke fara yi suna gani, sannan ya sakar musu a hankali. In aka tsallake wannan aka raba musu aiki rana ɗaya, surutu kawai za a samu.

Malama Zainab:
A aji mai yawa ni bibbiyu nake yi, wanda ke kusa da kai kawai, ba a jan benci. Ɗaya ya karanta sakin layi, ɗayan ya faɗa da bakinsa ba ya kallon littafi, sai su juya. Kuma ina ƙyale su su yi bayanin da harshen da ya fi musu sauƙi, in dai a ƙarshe za su rubuta jimla ɗaya da harshen jarrabawa. Yaron da ya iya faɗin abu da harshen gidansu ya gane shi. Wanda bai iya faɗinsa sai da kalmomin littafi, ina sa masa alamar tambaya.

Malam Tukur:
Nan kuma ban yarda ba. In suka saba da haka, ranar jarrabawa kalmar ba za ta zo musu ba.

Malama Zainab:
Shi ya sa na ce su rufe da rubuta jimlar. Kalmar da ba ta da ma'ana a ƙarƙashinta ita ce take gudu a ɗakin jarrabawa.

Malam Tukur:
Sai mun gani a sakamako.

Nura:
Malama Zainab, don Allah idan su biyun duka ba su gane ba fa? Ba za su ƙara ɓatar da juna ba?

Malama Zainab:
Yana faruwa. Shi ya sa ba na zama a kujera lokacin. Ina zagayawa ina saurare, kuma in na tashi tambaya ba na kiran wanda ya ɗaga hannu, nakan ce wane, me abokin zamanka ya gaya maka? In na ji kuskure ɗaya daga wurare uku, to na san ba laifinsu ba ne, jimlar ce take da ƙulli, sai mu koma kanta gaba ɗaya a allo.

Malama Rabi:
To ga abin da zan yi a darasin numfashin tsirrai mai zuwa. Zan tambaye su ko tsiro yana numfashi da rana ko da dare kawai, kowa ya rubuta amsarsa. Na san da yawa za su ce da dare kawai. Sannan su karanta sakin layi biyu bibbiyu, su rufe, su gyara amsarsu da wani launin biro don in ga wanda ya canza. Malam Tukur, ko za ka duba mini layi huɗun da zan rubuta kafin in kai aji? Hannunka ya faɗa a irin wannan.

Malam Tukur:
Turo. Amma ki tabbata kin sa cewa numfashin ba ya tsayawa dare da rana, fotosintesis ce kawai take jiran haske. In kika bar wannan a dunƙule, za su fita da sabon kuskure a kan tsohon. Kuma kada ya wuce layi huɗu.